Cutar Fata da Ƙirƙirarriyar Basira: Manhajar Waya, Na'urar Asibiti, ko Tura wa Likita Hoto?

Tabo ya fito wa yaro a ka, gashin wurin ya kakkarye. Ko kuwa wani fari-fari ya bayyana a gadon bayan uwargida, wata uku ke nan bai tafi ba. A da, tsohuwar gida ake fara nuna wa, daga nan a leƙa kemis. Yanzu an samu wata hanya da ke neman shan gabansu: a ɗauki hoto a tambayi waya. Manhajojin da ke cewa suna gane cutar fata da ƙirƙirarriyar basira sun yi yawa, wasu kyauta, wasu da kuɗi, wasu kuma na'urori ne da sai a asibiti ake samunsu. Mutum ya rasa wacce zai kama.

Hanyoyi biyar zan jera: manhajar duba fata da kowa ke iya saukewa, manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI, manhajar da aka yi wa ma'aikatan lafiya, na'urorin asibiti masu lasisi, sai tura hoto ga likitan fata na gaske. Ta biyar ɗin ba na'ura ba ce, amma ita ce sandar da za a auna sauran da ita.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Tambaya ta farko, wadda ta fi kowacce nauyi a wurina: da fatar wa na'urar ta koyi aiki? Waɗannan manhajoji ba likitanci suka karanta ba. Hotuna ake loda masu, dubbai a kan dubbai, kowanne da sunan cutarsa, har su saba da kamannin kowace. A 2017 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka horar da wata da hotuna 129,450, aka kara ta da ƙwararrun likitocin fata 21, ta yi kunnen doki da su wajen gane sanƙarar fata. Wannan labari ne ya tayar da ƙurar da har yau ba ta lafa ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2021 wasu masana a Ingila suka bi diddigin rumbunan hotuna 21 da ake horar da irin waɗannan na'urori da su, hotuna sama da 100,000. A cikin 2,436 da aka rubuta launin fatar masu su, 10 ne kacal na masu fata wankan tarwaɗa, na baƙi sosai kuwa guda 1 tak. A waɗanda aka rubuta asalin masu su, babu ɗan Afirka ko ɗaya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cuta ɗaya ba kama ɗaya take yi a kowace fata ba. Kumburin da ke yin jawur a jikin Bature, a jikinmu duhu yake ƙarawa, ko ya yi ruwan toka, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Na'urar da ta saba neman ja, in ba ta gan shi ba, sai ta wuce. An gwada wannan a Uganda: aka ba wata manhaja hotuna 123 na marasa lafiya baƙaƙen fata daga Kampala, 21 kawai ta canka daidai, wato kashi 17 cikin 100.

Tambaya ta biyu ƙanwar ta farko ce: wace cuta aka gina ta don ta kama? Yawancin kuɗin da aka zuba a wannan fanni a kan sanƙarar fata aka zuba shi, musamman wadda ke tasowa daga tawadar Allah, saboda ita ce fargabar mutanen Turai da Ostareliya da rana ke ƙonawa. Mu kuwa abin da ke cika layin asibiti daban ne: ƙazuwa, makero, ƙyasbi, kirci, maruru, ƙurajen yara masu ɗurar ruwa, ɓarnar man bilicin, sai kuturta da har yanzu ba ta ƙare ba.

Sauran ma'aunan sanannu ne. Nawa za a kashe, har da kuɗin data da na mota. Shin mai ƙaramar waya da sabis mai ɗaukewa zai iya amfani da ita. Shin za ta daɗe, ko kamfanin zai rufe bayan shekara biyu. Sai haɗari, wanda kashi uku ne: ta ce lafiya lau alhali cuta ce, ta ce cuta ce alhali lafiya lau, da kuma inda hoton jikinka zai ƙare.

Manhajar duba fata ta kowa da kowa

A nan ake samun irin su SkinVision ta ƙasar Holan, wadda ake biya, da Model Dermatology ta wani likita ɗan Koriya ta Kudu, wadda kyauta ce, da kuma Google Lens, wadda tun 2023 take karɓar hoton fata ta kawo maka hotuna masu kama da shi. Sauƙi dai ba a magana: ka ɗauka, ka tura, cikin daƙiƙa kaɗan amsa ta fito.

SkinVision aikinta ɗaya ne, ta kalli tabo ta ce haɗarin sanƙara babba ne ko ƙarami. Ba ta san ƙazuwa ba, ba ta kuma ce ta sani ba. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike 9 da aka yi a kan irin waɗannan manhajoji, ta yanke cewa ba za a dogara da su wajen kama duk sanƙarar fata ba. A lissafin da aka yi wa SkinVision a wannan nazari, tana kama kusan 80 cikin 100 na tabo masu haɗari, ke nan 20 na kuɓuce mata. Kuma a kan farar fata ake wannan magana. Tun kafin nan, a 2015, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗauki mataki a kan masu manhajoji biyu, MelApp da Mole Detective, saboda iƙirarin gane sanƙara ba tare da hujja ba. Duk biyun yanzu sai labari, abin da ke nuna maka ƙarkon irin wannan kaya.

Google Lens kuwa ba ta ma ce likita ce ba. Kamanni take haɗawa, Bahaushe kuma ya riga ya gama magana: kama da wane ba ta wane. Google ta taɓa sanar da wata manhaja ta musamman a 2021, DermAssist, da aka ce ta san cututtuka 288, amma ta sha suka saboda ƙarancin baƙar fata a hotunan binciken da aka gina ta a kai, kuma ba ta zama abin da kowa ke samu a wayarsa ba.

Na taɓa gwada wata daga cikin na kyautan a kan ɗan ƙanwata. Tabo ne zagayayye a ƙeya, ya yi gari-gari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya guntule. Da daddare a ƙarƙashin ƙwan ɗaki na ɗauka, manhajar ta kawo sunan wata cuta mai sa fata saɓa wadda ban taɓa jin an ambata a unguwarmu ba. Da safe na fitar da shi inuwar zaure na sake ɗauka, sai ta sauya, ta sa makero a sama. Kai ɗaya, tabo ɗaya, amsa biyu, kwana ɗaya tsakani. Kakarsa da ke zaune tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Makero ne, ku daina wahalar da yaro." Ta yi gaskiya, haka malamin asibiti ya tabbatar. Sai dai abin da ita da wayar ba su faɗa ba shi ne makeron ka ba ya jin man shafawa kaɗai, domin cutar na cikin tushen gashi. Sai an haɗa da maganin sha, irin su griseofulvin, na mako 6 zuwa 8.

Babban haɗarin wannan rukuni, a ganina, ba a cikin wayar yake ba, a matakin da ke biyo baya yake. Mutum ya samu suna, ya nufi kemis da ƙarfin gwiwa, a miƙo masa man nan mai haɗi uku da ke ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone. Kwana uku ƙaiƙayi ya lafa, ya ce an dace. Bayan wata guda makeron ya bazu, ya sauya kama ta yadda ko likita sai ya yi da gaske kafin ya gane shi, fata ta yi siriri, nankarwa ta fito. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Manhajojin hira

Su ne mutane suka fi amfani da su yanzu, tunda Meta AI na cikin WhatsApp, ChatGPT da Gemini kuma suna karɓar hoto. Suna da abin da na farkon ba su da shi: ana iya ba su labari. Kuma a cutar fata, labari rabin gano cuta ne. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, ya kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya, kuma yara huɗu a ɗaki ɗaya duk suna susa, ko ba hoto an kusa cewa ƙazuwa ce. Manhajar hira na iya haɗa waɗannan ta kai ka kusa, ta kuma tuna maka cewa ƙazuwa duk gida ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke kayan sawa da na shimfiɗa a shanya a rana.

Aibinsu kuwa baki ne. Sun iya magana, ko sun sani ko ba su sani ba da murya ɗaya suke faɗa. Ba a yi masu rajista a matsayin na'urar gano cuta ba, kamfanonin da kansu suna rubuta cewa ba su maye gurbin likita. Tambaya ɗaya in ka sake ta da wasu kalmomi, amsar na iya sauyawa. Hausarsu ma da sauran gyara: kalma irin ƙyasbi ko kirci, wadda mu kanmu muke kiran cututtuka biyu ko uku da ita, na iya kai su wani wuri daban.

Sai batun sirri, wanda ba na so a ɗauke shi da wasa. Hoton da ka tura ya bar wayarka ya tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma doka ba ta dawo da hoton da ya riga ya fita. Kada a tura al'aura, kada a tura fuskar yaro, kada a tura jikin mace ba da saninta ba. In tabon a fuska yake, a matso da kyamara ta ɗauki wurin kaɗai.

Amfanin manhajojin hira na gaskiya bayan an ga likita yake. An ce kana da kaza, an rubuta maka magani, ba ka fahimci bayanin ba saboda layi ya yi tsawo likita na sauri. A nan suna da rana.

Manhajar da aka yi wa ma'aikatan lafiya

Wannan ce ta fi kusa da halin da muke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya na da manhaja kyauta mai suna Skin NTDs, wadda aka gina domin nas da jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi. Tushenta wata manhaja ce da ƙungiyar yaƙi da kuturta ta ƙasar Holan, NLR, ta fara yi. Tana bin ma'aikaci mataki-mataki: ina tabon yake, yana ƙaiƙayi, yana ciwo, tun yaushe. Sashen koyarwarta na aiki ko ba intanet. Daga baya aka ƙara mata ƙirƙirarriyar basira mai duba hoto, wadda ta shafi cututtukan fata 12 na ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, irin su kuturta da ƙazuwa da tundurmi da gyambon Buruli, da wasu 24 na yau da kullum.

A 2024 aka gwada wannan sashe a Kenya. Ma'aikatan lafiya 40 a gundumomi 5 suka ɗauki hotuna 605 na marasa lafiyarsu, aka kwatanta amsar na'urar da ta ƙwararrun likitocin fata, ta dace a kusan kashi 80 cikin 100. Ka ajiye wannan kusa da kashi 17 na Uganda, za ka ga tazarar da ke tsakanin na'urar da aka yi domin mu da wadda aka yi domin wasu. Akwai kuma aikin PASSION na jami'ar Basel ta Suwizalan, da ya tattara hotuna 4,901 na marasa lafiya 1,653, yawancinsu yara, daga Madagaska da Gini da Malawi da Tanzaniya, a kan kirci da makero da ƙazuwa da ƙurajen yara. Wani bincike na Stanford a 2022 ya nuna cewa in aka ƙara wa na'ura horo da hotunan baƙar fata da aka tabbatar da cutarsu, giɓin na rufewa. Ke nan laifin ba na fatarmu ba ne, na masu tara hotuna ne.

Abin da ya ba wannan hanya fifiko shi ne akwai hannun mutum a ciki. Ɗauki fari-farin bayan uwargida da na fara da shi. A hoto, ƙyasbi da albaras da farkon kuturta na iya zama abu ɗaya. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai murza auduga ta yi tsini, ya fara taɓa lafiyayyar fata idonta a buɗe, ta nuna wurin da yatsa. Sannan ya ce, "Hajiya, rufe idonki." Ya taɓa gefe, ta nuna. Ya taɓa tsakiyar tabon, shiru, ba ta ji ba. Ya laluba jijiyar gwiwar hannu ya ji ko ta yi kauri. Minti biyu, auduga ta sisin kwabo, an samu abin da kyamarar da ta fi kowacce tsada a duniya ba za ta gani ba. Kuturta kuwa in an kama ta da wuri, maganin wata 6 ko 12 ne, kyauta ake bayarwa tun 1995, kuma yatsa ko ɗaya ba zai guntule ba.

Amma kada a yi zaton an gama. Wani babban bincike da aka buga a 2024 ya gwada likitocin fata 389 da likitocin gama-gari 459 da hotuna 364. Ƙwararrun sun dace a kashi 38, na gama-garin a kashi 19, dukkansu kuma sun fi kuskure a baƙar fata. Da aka ba su taimakon na'ura, duk sun ƙaru. Sai dai a wurin na gama-garin, farar fata ta fi cin moriyar ƙarin, tazarar ta daɗa faɗi. Wani bincike na 2020 ya gano cewa masu ƙarancin gogewa ne suka fi amfana da na'ura, amma in na'urar ta yi kuskure, har ƙwararru takan ja su su bi ta. Kuma sashen duba hoton na manhajar Hukumar Lafiyar gwaji ake yi masa ƙasa-ƙasa, ba kowane asibiti ya isa ba.

Na'urorin asibiti masu lasisi

Ba zan daɗe a nan ba, domin kaɗan daga cikin masu karanta wannan ne za su ci karo da su, sai mazauna Turai da Amurka. DermaSensor ƴar na'ura ce ta riƙewa a hannu da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a Janairun 2024, domin likitocin gama-gari su duba tabon masu shekara 40 zuwa sama. Ba hoto take ɗauka ba, haske take harbawa cikin fata ta karanta yadda ya dawo. A gwajinta ta kama kashi 96 na sanƙara 224. Amma a tabon da ba su da komai, kusan 4 cikin 5 takan ce a ƙara bincike, kuma kusan duk waɗanda aka gwada farar fata ne. Da ta fito, dala 199 zuwa 399 ake biya duk wata.

A Ingila akwai DERM ta kamfanin Skin Analytics, wadda ke tace hotunan da aka ɗauka da madubin duba fata mai fitila, ta ware waɗanda za su ga likita da gaggawa. A 2025 NICE, hukumar da ke tantance magunguna da na'urorin asibiti a Ingila, ta ba da izinin amfani da ita na shekara 3 yayin da ake ƙara tattara hujja, da sharaɗin cewa masu baƙar fata da wankan tarwaɗa sai ma'aikacin lafiya ya sake duba nasu. Bahaushen da ke zaune a Landan ko Manchester ya riƙe wannan sharaɗin, haƙƙinsa ne.

Lasisi ma ba ya tabbatar da ƙarko. Wata na'urar duba tabon fata mai suna MelaFind ta samu amincewar FDA a 2011, zuwa 2017 an daina sayar da ita.

Akwai wani abin dariya da ya shafi na'urorin hoto. A 2019 masana a Jamus suka gano cewa in aka zana shuɗin alƙalamin tiyata a gefen tabo mara illa, na'urarsu sai ta fi cewa sanƙara ce, domin ta saba ganin shuɗin a hotunan da likitoci suka riga suka yi zargi. An ga irin haka da rula a wani aikin. Shuɗin nan kuwa shi ne dai wanda iyayenmu ke shafa wa yara a ƙurji. Duk mai niyyar ɗaukar hoto, ya ɗauka kafin a shafa shuɗi, ko hoda, ko toka, ko man kaɗanya.

Tura wa likitan fata hoto

Likitocin fata ba su da yawa a ƙasashenmu, kuma yawancinsu a manyan asibitocin koyarwa suke, irin na Malam Aminu Kano da na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ga mutumin ƙauye, zuwa wurinsu kuɗin mota ne, da kati, da yini guda a layi. Shi ya sa tura hoto ke da amfani, musamman in ma'aikacin lafiya ne ya ɗauka ya haɗa da bayani. Ƙasar Mali ta yi shekaru tana wannan, inda asibitocin karkara ke tura wa ƙwararru a Bamako.

Likita zai yi abin da na'ura ba ta yi: ya ce hoton bai fito ba a sake, ya tambayi wane magani aka sha makon jiya, ya ce wannan ba na waya ba ne, a taho gobe. Kuma shi ke da ikon rubuta magani, shi za a koma wa in abu ya ɓaci. Raunin wannan hanya jira ne, da kuma cewa hoto hoto ne ko a idon wa. Alƙaluman 38 cikin 100 da na ambata a sama daga hoto zalla ne ba tare da labari ba. Kankare fata a duba a madubin likita, ko yankar ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji, sai an je da ƙafa. Ga kuma ƴan damfara da ke kiran kansu likitoci a Facebook da TikTok, ƙarshen maganarsu kullum wani haɗin mai ne da suke sayarwa.

Game da magani kansa, a takaice: babu ɗaya daga cikin na'urorin nan da ke warkarwa. Abin da suke yi a wannan ɓangare shi ne auna ko ana samun sauƙi, kamar ƙirga ƙurajen fuska ko auna faɗin gyambo daga mako zuwa mako. Ko da wayarka kaɗai za ka iya kwatanta haka, ka ɗauki hoto duk Juma'a a wuri ɗaya da haske ɗaya, ka tafi da su ranar komawa asibiti.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Dacewa da baƙar fata | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Manhajar duba fata | Kyauta ko biyan kuɗin waje | Sosai | Rauni a yawancinsu | Suna zuwa suna ɓacewa | A tafi kemis da sunan da ba shi ba |
| Manhajar hira | Kuɗin data | Sosai | Ba tabbas | Tana sauyawa kullum | Kuskure cikin daɗin baki, da sirri |
| Manhajar ma'aikacin lafiya | Kyauta | Sai da horo | Ta fi sauran | Hukuma ce a bayanta | Ma'aikaci ya bi ta ido rufe |
| Na'urar asibiti | Tsada | Sai a asibiti | Hujja kaɗan ce | Ya danganta da kamfani | Tayar da hankali a kan tabo mara illa |
| Hoto ga likita | Matsakaici | Akwai jira | Gwargwadon gogewarsa | Muddin likitan na nan | Hoto mara kyau, likitan bogi |

Wa ya dace da wacce

Uwar da ɗanta ya tashi da ƙuraje, yana ci yana wasa, ba zazzaɓi: asibitin unguwa ya fi mata kowace manhaja. In ta ga dama ta tambayi manhajar hira abin da ya kamata ta lura da shi kafin ta je, amma kada ta sayi magani da amsar waya.

Nas ko jami'in lafiya da ke shi kaɗai a ƙauye: ya sauke manhajar Hukumar Lafiya ta Duniya yau, ya kuma nemi lambar wani likitan fata da zai riƙa tura wa masu wuya. Ya fara yanke nasa hukuncin kafin ya duba na wayar, don kada ta ja shi.

Mai fari-farin tabo da ba ya ƙaiƙayi, ko wanda ya ji wurin ya mutu, ko hannu da ƙafa na dindiris: ba ruwansa da manhaja. Kowace ƙaramar hukuma a Najeriya na da jami'in tarin fuka da kuturta. Akwai cibiyar Saye a Zariya, da asibitin Yadakunya a Kano, a Nijar kuma akwai asibitin Danja kusa da Maraɗi.

Zabiya su ne suka fi kowa a cikinmu haɗarin sanƙarar fata, saboda rana. Wani zai ce tunda fatarsu fara ce, manhajojin Turawa za su yi masu aiki. Ban yarda ba, domin ba da irin fatarsu da irin ƙunar da ranar Sahel ke yi mata aka horar da su ba. Duk wani ɓawo mai kaushi ko gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, a fuska ko kunne ko wuya, likita ya gan shi ido da ido.

Mai baƙar fata kuma da ya ga wani sabon baƙin tabo a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ya san cewa a waɗannan wurare ne muguwar sanƙarar ta fi fito mana, kuma su ne wuraren da hotunansu suka fi ƙaranci a rumbunan na'urori. Ko manhaja ta ce lafiya lau, ya je a yanki ɗan tsoka a gwada.

Wadda man bilicin ya ɓata wa fuska, likitan fata take buƙata, ko ta hoto ne, domin dakatar da man farat ɗaya ma na da tasa wahalar, sai an bi a hankali.

Akwai kuma waɗanda ko wayar ba za su tsaya ɗauka ba: ƙuraje da zazzaɓi mai zafi a jikin yaro, musamman lokacin ƙyanda ko sanƙarau, ƙuraje masu ruwa da kaluluwa bayan an yi cuɗanya da mai ƙyandar biri, kumburin leɓe ko fuska da sarƙewar numfashi, da wanda fatarsa ta fara saɓulewa, baki da ido suka yi gyambo, bayan ya fara shan wani sabon magani irin Septrin ko Fansidar ko maganin farfaɗiya. Wannan na ƙarshen a dakatar da maganin nan take, a ɗauki kwalinsa a tafi da shi sashen gaggawa a daren.